Kafin a Kwance Igiyar Jirgi

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan takarda, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Na fara rubuta labarin nan da ajami a zauren gidana da ke Fagge, na ajiye shi shekaru ban nuna wa kowa ba. Labarin tafiyata ce zuwa tsibirin Fanando Po, wanda 'yan ƙwadago suke kira Fanya, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Mutane sun san na je na dawo lafiya, har wasu suna ce mini Malam Haruna na Teku. Ban taɓa jin daɗin sunan nan ba, ga kuwa dalili.

Mu goma sha bakwai ne Hausawa a tafiyar. Wanda ya tara mu shi ne Alhaji Sambo, ɗan kwamisho mai shago a Sabon Gari. Abokin mahaifina ne. Ranar da mahaifina ya rasu shi ya kawo likkafani, ya tsaya har aka rufe kabari, don haka Baba nake kiransa, kuma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa sosai ba. Ni ba a matsayin lebura ya ɗauke ni ba. Sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Sabon Gari, a nan kuma na tsinci Turancin buroka wajen kafintoci da masu kayan gwari. Sai ya ce in bi ayarin in zama tafinta da liman, in na ga an zauna lafiya in dawo.

Cikin ayarin akwai maƙwabcina Modu, tela ne da ke ɗinki a barandar wani kanti a Kantin Kwari. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Fagge aka haife shi. Magidanci ne mai mata da 'ya ɗaya, ga tsohuwarsa, Ya Falmata, yana riƙe da ita. Yakan ɗauki karatu a wurina bayan Asuba. Yana da fuka, in damina ta kama sai ka ji ƙirjinsa yana kuka kamar tsohon zugazugi. Abin da Alhaji ya faɗa masa shi ne aikin ɗinkin buhunan koko ne a cikin sito, a inuwa. Da kunnena na ji.

A jirgin ƙasa Modu ne ya riƙe mana raha. Da yake ni jinin Fulani ne, akwai wasa tsakaninmu. Da muka wuce Makurɗi, daji ya fara duhu, sai ya leƙa taga ya ce, "Malam, ka ga ƙasar da babu saniya ko ɗaya. In ka suma ka faɗa mini, in nemo maka ƙwarya ka shinshina."

Na ce, "Kai dai ka riƙe bakinka, Babarbare. Nan gaba za ka ga ruwan da ya fi Cadi, ka raina kakanninka."

Daga Inugu muka shiga motar katako, muka yi ta ratsa garuruwan da ban riƙe sunansu ba, har muka ƙetare wani babban kogi muka isa Kalaba. Aka sauke mu a wani barikin kwano inda ake tara masu jiran jirgi. Kwananmu tara a nan. Ruwan sama bai ɗauke yini guda ba, tabarmin sallarmu suka yi funfuna. Abinci garin rogo ne da miyar da ba mu san ganyenta ba. Likita ya zo ya dube mu kamar yadda ake duba raguna a kara, ya buɗe baki, ya ja fatar ido, ya wuce. Ranar da aka duba Modu ƙirjinsa lafiya lau yake. Sannan aka kawo takardu kowa ya dangwala yatsa. An karanta su da Turancin da ya fi ƙarfina, na fassara abin da na kama, abin da ban kama ba Alhaji ya cike.

A rana ta bakwai muna zaune bakin bariki sai wani mutumin Ibo ya tsaya kanmu ya yi sallama da Hausar Kano tsantsa. Sunansa Obi, ya yi kafinta a Sabon Gari shekara takwas, ya ma san shagon da nake zama. Ya je ya sayo mana goro, abin da muka yi kwanaki ba mu gani ba. Ya ce bara ya dawo daga Fanya. Da ya ji Modu yana maganar ɗinkin buhu, sai ya daina tauna.

Ya ce, "Maigida, wane buhu? Adda za a ba ka. Gona ce a kan dutse, ruwa daga sama, taɓo daga ƙasa. Shekara biyu, kuma ba ka fita ƙofar gona sai da fas, takardar izinin fita." Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mana tabon gyambo. "Ni da nake da ƙirjin doki ke nan."

Bayan ya tafi Modu ya matso kusa da ni. Can ya ce, "Malam, ni na fasa. Ƙirjin nan ba zai yi shekara biyu cikin ruwa ba."

Na ce ya bari in sami Baba in yi masa magana cikin ladabi. Na same shi kuwa. Ya yi dariya ya ce kafintan nan ɗan giya ne da aka koro, kada in biye masa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haruna, in ɗaya ya zame sauran za su bi, ni kuma in ji kunya a gaban Turawa. Kai ɗana ne, kada ka bari a kunyata ni." Na sunkuyar da kai na ce to.

Aka shigar da mu jirgi kwana ɗaya kafin tashi. Jirgin Turawan Sifen ne, masu mulkin tsibirin, tutarsu ce a bayansa, ja da rawaya. Da la'asar na nemi ɗakin girki don in tabbatar ba a sa mana naman alade ba. A nan na ga mutumin Sin na farko a rayuwata. Ni a littafi kawai na san sunan Sin, ban zaci zan ga mutuminta yana fere doya ba. Tsoho ne ƙanƙane, kansa fari fat, ma'aikatan jirgi suna ce masa Papa Lam. Burokarsa ta fi tawa karyewa, amma mun fahimci juna. Ya nuna mini tukunyar da ya ware mana, shinkafa da busasshen kifi. Ya ce ya yi aiki da Musulmi a jirage da yawa, ya san halinmu. Ya zuba mini shayi a gwangwani, na zauna bakin ƙofa.

Ban san abin da ya sa na gaya masa maganar Modu ba, wataƙila don baƙo ne da ba zai kai ta Fagge ba. Ya ajiye wuƙa, ya ba ni labarin mahaifinsa.

Ya ce tun kafin a haife shi, ana ɗibar mutanen ƙasarsu da takarda irin tamu, a kai su noman rake bayan teku. Akwai wani garin bakin ruwa a ƙasarsu da Turawan Ingila ke mulki. Da mutuwa ta yi yawa a jiragen, sai aka kafa doka cewa jirgi ba zai tashi da 'yan ƙwadago ba sai an duba shi, an tambayi kowa ko da yardarsa. To amma dokar ba ta kama kowa ba. Jiragen Ingila take kamawa, da jirgin da ya tashi daga tashar garin. Sai dillalai suka riƙa kai mutane wani gari na kusa da ke hannun Turawan Fotugal, a loda su a jirgi mai wata tuta. Gwamnan Turawan Ingila yana sane, amma ikonsa bai kai can ba. Ta nan aka tafi da mahaifinsa da ƙanen mahaifinsa. Ɗaya ne ya dawo.

Ya ja ni bakin jirgi ya nuna mini igiyar da aka ɗaure shi da ita, kauri kamar cinyar mutum. Ya ce, "Gobe Baturenku zai zo ya tambaya. Muddin igiyar nan tana ɗaure, yana da baki. A cikin kogi ma yana da saura. In muka fita teku, ba shi da komai. Abokinka ya yi magana gobe, a gaban kowa."

Na gode masa, amma a raina na ce tsoho ne da bai san Ingilishi irin namu ba. Ni mutumin Kano ne. Na ga yadda takarda ɗaya daga ofishin Turawa na unguwar Nasarawa take sa a tuɓe rawani. Na yi kwanaki ina tafiya daga Kano har bakin teku, tuta ɗaya nake gani a kowace tasha. Ban iya ɗaukar cewa akwai wurin da Bature zai yi magana a ƙi ji ba, balle a ce ruwa ne iyakar, ruwan da ba shi da ganuwa ba shi da ƙofa.

Da hantsi Baturen ƙwadago ya hau jirgi, dogo mai jan wuya, Alhaji yana biye da shi da takardu a hammata. Aka jera mu ƙabila-ƙabila. Aka ce mana shi ma zai bi jirgin zuwa tsibirin don wani aiki a ofishin ƙaramin jakadan Ingila. Da na ji haka sai zuciyata ta sami mafita. Na ce a raina, in Alhaji ya sauka sai in sami Baturen a keɓe, a sauke Modu, Baba kuma bai ji kunya a idon jama'a ba.

Da ya zo layinmu ya ce in faɗa musu, duk wanda bai yarda da tafiyar nan ba ya fito ya tsaya gefen dama, za a sauke shi yanzu, ba wanda zai taɓa shi. Na fassara daidai, ban rage harafi ba. Modu yana gefena. Na ji ya ja numfashi, ya ɗaga ƙafa. Alhaji yana kallona. Sai na sa hannu ta baya na riƙe hannun rigarsa.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, sake ni."

Na ce, "Ba a gaban Baba ba. Baturen yana tare da mu har can. Ka bar mini."

Ya fi ni ƙarfi, da ya fizge da ya tafi. Amma ni malaminsa ne. Ya mayar da ƙafarsa. Baturen ya jira kaɗan, ya duba fuskokinmu, ya sa hannu a takarda. Wasu mutum biyu daga layin Ibo sun fita, na gan su suna sauka da ƙunshinsu, ba wanda ya ce musu komai. Alhaji ya sa mana albarka ya sauka. Aka kwance igiya.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ba ni kunya, domin a nan babu Alhaji da zan fake da shi. Jirgi ya kama gangara cikin kogi, itatuwa dama da hagu. Da na tashi a lokacin na hau bene, da an gama. Amma a tarbiyyata ba a zuwa gaban mai mulki da baki kawai. Sai na buɗe gafakata, na fito da takarda da tawada, na feƙe alƙalami. Na ja layi. Na fara da gaisuwa da jinjina irin wadda ta dace da babban mutum, na kawo asalin Modu da sana'arsa da ciwonsa. Tawada ta ɗiga a ta farko saboda motsin jirgi, na ga bai kamata a miƙa wa Bature takarda mai tabo ba, na sake wata. Takardar da ko karanta ta ba zai iya ba, don da ajami take, ni ne dai zan fassara masa da baki.

Papa Lam ya wuce da bokiti, ya gan ni. Ya ce, "Me kake yi? Tafi yanzu!"

Na ce, "Saura kaɗan, Papa."

Da na gama, aka ce Bature yana cin abinci da kyaftin. Ba a katse wa babba cin abinci. Na yi Azahar. Aka ce ya ɗan kishingiɗa. Na jira. Ina tsaye gindin matattakala na ga jirgi ya rage gudu, wani ƙaramin jirgi ya matso, mutumin da ya ja-gorance mu cikin kogi ya sauka cikinsa ya juya gida. Na bi shi da kallo ban san abin da nake kallo ba. Ruwa ya sauya daga ja zuwa shuɗi, jirgi ya fara tangaɗi, mutanenmu suka fara amai.

Sai bayan La'asar aka bar ni na hau. Na durƙusa na karanta takardata tun daga gaisuwa. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Da safe na tambaya. Me ya sa bai fito ba?"

Na ce kunya ce ta hana shi. Ban ce ni ne ba.

Ya dafe goshi. Ya ce da na zo kafin ƙaramin jirgin nan ya juya, da ya sa Modu a ciki. Ya nuna bayanmu, inda ƙasa ta zama baƙin zare. Ya ce ikon gwamnatin Nijeriya mil uku ne daga gaɓa, mun wuce shi. Ya nuna tuta. "A nan ni fasinja ne kamarka. Kyaftin ne mai iko, dokar ƙasarsa ce take aiki." Na ce, ranka ya daɗe, ai kai Bature ne. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya dai tashi ya je ya roƙi kyaftin, ina hangensu ta taga. Kyaftin ya buɗe takardar da Baturen ya sa wa hannu da safe, ya ɗora yatsa a kan sa hannun, ya ɗaga kafaɗa.

Na sauko na tarar da Modu ya jingina da buhu, fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Yaya, Malam?" Na gaya masa. Bai zage ni ba. Ya ce, "Ashe ruwan ya fi Cadi." Daga nan bai ƙara yi mini wasa ba.

Washegari muka ga tsibirin, dutse ɗaya ne ƙato da gajimare a kansa. A tasha aka rarraba mutanenmu gona-gona, aka loda su a motoci. Ni aka bar ni a gari wajen wani Bahaushe mahauci da ya daɗe a can. Na yi ta zarya ofishin ƙaramin jakada. Akawun wurin ya ce ana karɓar ƙara, amma su baƙi ne a ƙasar, sai su rubuta wa hukumar tsibirin su jira amsa, ko gonar ma ba sa shiga sai an ba su rana. Na rubuta takarda huɗu. A wata na uku na sami izinin zuwa gonar da Modu yake, a matsayin liman. Na tarar da shi a ɗakin marasa lafiya, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Ya tambaye ni ko an sami wasiƙa daga Fagge. Ya ce in karanta masa abin da ya sauwaƙa, na karanta. Kwana shida bayan nan ya cika. Ni na yi masa wanka, mu biyar muka sallace shi, muka rufe shi a jar ƙasa a gefen itatuwan koko. Amsar takardata ta farko ta iso bayan mako biyu, an yarda likita ya sake duba shi.

Na dawo Kano da kaka, ana ta dakon gyaɗa a tasha. Labari ya riga ni isowa. Na je gaisuwa gidansu, aka shigar da ni wajen Ya Falmata. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi, matar Modu tana daga ciki. Na ba ta labarin jinyarsa da jana'izarsa, ta yi ta cewa Allah ya saka. Can ta ce, "Malam, Alhaji ya zo. Ya ce Bature ya tambayi kowa a jirgi, wanda ba ya so aka sauke shi. Ya ce har an gaya wa Modu aikin gona ne tun a Kalaba, ya zaɓi ya tafi. Haka ne?"

Na ce, "An tambaya, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ya san ƙirjinsa, ya san ba ni da kowa sai shi. Ban san na yi masa nauyi haka ba."

Na yi addu'a na fito. Na bar ta da wannan har zuwa sadakar arba'in. Ina jan salla a masallacin unguwa, ina wucewa ta ƙofar gidanta sau biyar a yini. Matata ta ce mini tsohuwar ta daina ambaton sunansa, in an ambata sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, na nemi iso. Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar da aka shimfiɗa mini ba. Na ce, "Inna, na zo in gyara magana. Modu bai zaɓi tafiya ba. Tun a Kalaba ya ce ya fasa. Da Bature ya tambaya ya ɗaga ƙafa zai fita, ni na riƙe masa riga, don kada Alhaji ya ji kunya. Ya ce in sake shi, ban sake shi ba. Bayan nan ma akwai sauran lokaci, na ɓata shi wajen gyaran takarda."

Carbin ya tsaya a hannunta. Na ji kuka ya tashi daga cikin ɗaki. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya ɗaga ƙafa?"

Na ce, "Ya ɗaga, Inna."

"Gida zai dawo?"

"Gida zai dawo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta maimaita sau uku. Sannan ta juya ta kira Modu da sunan da take kiransa tun yana goye, wanda ban taɓa ji ba, ta yi ta sa masa albarka kamar yana tsaye a tsakar gidan. Na jira ta ce mini wani abu, ko zagi ko yafiya. Da ta gama sai ta dubi wajen da nake, ba fuskata ba, ta ce, "Haruna, tashi ka tafi, an kira salla."

Tun ina saurayi Malam take ce mini. Ta rayu shekara shida bayan nan, muna gaisawa, ba ta ƙara kirana da shi ba, ni kuma ban ga laifinta ba. Allah ya jiƙan Modu, ya jiƙan mahaifiyarsa. Wanda ya karanta wannan, in ya ga dama, ya roƙa mini gafara.